Mai maki 65 ta fi mai maki 66 tsada: ina dalili?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Akwai kwandaloli biyu na rabin dalar Amurka da nake bibiya a gwanjo, dukkansu masu hoton Benjamin Franklin na 1958, bugun Denver, kuma dukkansu a rufe cikin kwanson roba na PCGS, kamfanin da ke duba kwandala ya ba ta maki. Ta farko MS66 ce, wato maki 66 a ajin waɗanda ba a taɓa kashewa ba, fara tas. Ta biyu MS65, amma fuskarta ta rine, shuɗi a gefe, ja da ruwan zinare zuwa tsakiya, ga kuma ɗan koren sitikan CAC a jikin kwanson. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tayin da ake yi wa mai 65 ɗin ya haye na mai 66. To me amfanin makin ke nan?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Ni dai abin da na sani, kowace a cikinsu giram 12.5 ce, kashi 90 cikin 100 azurfa. In ka kai wa maƙeri su biyun, kuɗi ɗaya zai ba ka, sai dai ma ya rage wa mai dattin. 😂

Alhaji na Bronx: Ɗan Kurmi, Allah ya shirye ka, launin da mutane ke kwana a gwanjo saboda shi kake kira datti.

Baban Khalifa, tambayarka ta yi kyau. Makin nan ma'auni ne daga 1 zuwa 70, wani Dakta William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma ba don rabin dala ya yi shi ba, don tsofaffin manyan kwabban tagulla na Amurka ne. Daga baya aka shimfiɗa shi kan komai. Daga 60 zuwa 70 ana nufin kwandalar ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba. Masu dubawa suna kallon ƙarzuwar da ke jikinta, da ƙarfin bugu, da sheƙi, da kuma yadda take ɗaukar ido, sai su dunƙule duk wannan a lamba ɗaya. Matsalar ke nan. Lamba ɗaya ba za ta ɗauki abu huɗu ba. Akwai 65 da saura ƙiris ta zama 66, akwai 65 da da ƙyar ta tsallake 64. Akwai 66 da in ka riƙe ta ba abin da za ka ji a ranka.

Shi ya sa aka samu CAC a 2007. John Albanese ne ya kafa ta, mutumin da yake cikin waɗanda suka kafa PCGS a 1986, kuma shi ya kafa NGC, wani kamfanin ba da makin, a 1987. Aikinsu a lokacin shi ne su duba kwandalar da aka riga aka ba maki, in ta cika makinta da kyau su manna koren sitika. In suna ganin ta ma fi makin da aka ba ta, sitikan zinare. Su kuma NGC tauraro suke sawa kusa da lamba idan kwandala ta fi 'yan ajinta kyan gani. Ka ga su kansu masu ba da makin sun yarda lambar ba ta faɗi komai da komai ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, bayani ya yi, amma ni ina da ja. Mu kira abu da sunansa. Launin nan lalacewa ce. Azurfa ce ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska ko takarda, wani siririn ɓawo ya hau fuskarta. Haske yana ratsa ɓawon ya dawo, kaurinsa ne ke sa ka ga ruwan zinare, ko ja, ko shuɗi. In ɓawon ya ci gaba da kauri, ƙarshensa baƙi ƙirin. Wato kuɗi kake ƙarawa a kan abin da yake kan hanyar mutuwa. Gwamnatin Amurka ba ta bugo kwandalar nan da launi ba. Wanda yake son ya ga aikin John Sinnock yadda ya zana shi, farar zai saya.

Kuma Baban Khalifa, ka lura da wani abu. A Franklin na shekarun 1950, masu babban maki yawancinsu rinannu ne. Samun 66 fara tas ba abin rainawa ba ne.

Alhaji na Bronx: Wannan batu na ƙarshe gaskiya ne, kuma dalilinsa shi ne ya ƙarfafa tawa maganar. Daga 1947 zuwa 1958 gidan buga kuɗin Amurka yana sayar wa masu tarawa jerin kwandalolin shekara a cikin kwali mai ramuka, da takarda a lulluɓe, kowace kwandala biyu-biyu. Kwalin da takardar suna ɗauke da farar wuta. Kwandalolin suka kwana a ciki shekara da shekaru ba mai taɓa su. Su kuwa sauran da aka zuba a buhu aka kai bankuna, sun yi ta gogar juna, kumatun Franklin da jikin ƙararrawar da ke bayan kwandalar duk suka kwarzane. Don haka launin da ke jikin ta 1958 ɗin nan shaida ne na inda ta zauna. Ba wanda ya wanke ta, ba wanda ya goge ta.

Farar fa? Kwandalar azurfa ta shekara sittin da ɗoriya tana fara sol, sai ka tambayi kanka. Wata ta tsira ne a tsakiyar ƙunshin banki inda iska ba ta kai gare ta. Wata kuwa tsoma ta aka yi a ruwan sinadari.

Maman Hanif: Yauwa Alhaji, nan nake jira a zo. Injiniya, ba launi ne abin dubawa na farko ba, sheƙi ne. Lokacin da hatimin ƙarfe ya danne azurfa, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa in ka karkata kwandala a ƙarƙashin fitila ɗaya, haske ya riƙa zagayawa a fuskarta. Duk tsomawa ɗaya a ruwan sinadari tana cin kaɗan daga layukan nan. A tsoma sau ɗaya da sauri, ƙila ba a gane ba. A maimaita, sai ta zama fara amma matacciya. Kamar shadda ce da aka wanke, farin yana nan, sheƙin bugun ya tafi. Bambancin kawai, shadda za ka mayar wa masu bugu, ita kwandala bugu ɗaya gare ta a duniya.

Don haka Baban Khalifa, kada ka yanke hukunci da hoto tsayayye. Ka nemi bidiyo ana juya ta. Ita ma rinanniyar, in sheƙi bai fito daga ƙarƙashin launin ba, ka bar ta.

Injiniya: Hajiya, na yarda da batun sheƙi ɗari bisa ɗari. Amma ku amsa min wannan: wa zai rantse cewa launin na asali ne? Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su ɗauki kwandala ta 'yan daloli su turara ta da hayaƙin farar wuta ko su gasa ta, da safe ta fito da bakan gizo. PCGS da kansu suna da lamba ta musamman, 91, ta launin da ba su yarda da shi ba, kamar yadda 92 take ta wadda aka wanke. Ba za su ware wa abu lamba ba in ba ya yawa. Kuma wasu suna wucewa ba a kama ba.

Alhaji na Bronx: Suna wucewa, ban musa ba. Amma akwai alamomi. Launin asali a hankali yake hawa, kuma yana bin tsari: ruwan zinare mai haske, sai ya yi duhu, sai ja mai ratsin shunayya, sai shuɗi. Ba ya tsalle daga wani launi zuwa wani ba tare da na tsakiya ba. Sannan ka ɗauki gilashin ƙara girma ka dubi gefen haruffa da lambobin shekara. A ta asali sau da yawa za ka ga wata 'yar inuwa mai haske a jikin harafin ta ɓangaren gefe, inda launin bai kama sosai ba. Kuma launin da ke saman harafi ya kan bambanta da na filin da ke kewaye da shi. Na bogi kuwa shafe komai yake yi bai ɗaya, harafi da fili da gashin Franklin, ka gan shi yana iyo a sama bai shiga jiki ba.

Ta cikin kwalin gwamnati ma tana da nata kamanni. Sau da yawa fuska ɗaya ta fi ɗaya rinewa, kuma launin ya kan zo da ɗigo-ɗigo. Ba duka ne masu kyau ba fa. Da yawansu ruwan ƙasa ne mai duhu, ba mai so. Shi ya sa in aka samu wadda ta fito da launi mai haske a kan sheƙi mai rai, ake rububinta. A 2018 an sayar da wata Franklin ta 1958, MS67+ mai cikakkun layukan ƙararrawa, sama da dala 100,000. Shekarar da ba ta da wata wuyar samu. Launi da tsabtar fuska aka saya.

Ɗan Kurmi: Innalillahi. Rabin dala? Alhaji wannan ai ba ciniki ba ne, gasar masu kuɗi ce.

Injiniya: Ka faɗi gaskiya cikin wasa. Kamfanonin nan suna da rajista a intanet inda masu tarawa ke jera abin da suka mallaka ana ba su matsayi. Attajirai biyu su so zama na ɗaya, kwandala ɗaya ce a saman, sai farashi ya haukace. Gobe a samu ta biyu da ta uku masu wannan makin, wanda ya saya jiya ya kwana ciki. Ni shi ya sa na fi ganin hikimar a sa kuɗi inda ƙarancin yake a rubuce. Rabin dalar Walking Liberty ta 1921 bugun Denver, wato 1921-D, guda 208,000 kacal aka buga. Ta Filadelfiya a shekarar 246,000. Ta 1938 bugun Denver 491,600. Wannan adadi ba ya ƙaruwa, ba ruwansa da ra'ayin wani game da shuɗi ko ja. Gara min 1921-D da ta sha hannu, mai maki 12 ko 15, da in tara Franklin masu kwalliya guda goma.

Maman Hanif: Injiniya, ko a maki 12 ɗin ai maganar ɗaukar ido tana nan. Ka jera 1921-D guda biyu masu maki ɗaya. Ɗaya toka-toka ce mai laushi, duhu ya zauna a lungunan zane ya fito da hoton, gefenta lafiya. Ɗayar an taɓa goge ta da daɗewa, ta yi wani fari-fari mara daɗi, ga tabon faɗuwa a baki. Wacce za ka ɗauka? Wacce kuma za ka fi saurin sayarwa ranar da buƙata ta taso? Ba bakan gizo kaɗai ake nufi da kyan gani ba.

Injiniya: Ta farkon mana. Amma ƙarin da zan biya a kanta kaɗan ne, ba ninki biyar ba.

Baban Khalifa: Ina ƙaruwa wallahi. Alhaji ka ambaci layukan ƙararrawa. A jikin kwanson mai 65 ɗin akwai FBL, a mai 66 babu. Shi ne wannan?

Alhaji na Bronx: Af! Ai da ka faɗi wannan tun farko. Shi ne. A bayan Franklin akwai Ƙararrawar 'Yanci, da wata 'yar mitsitsiyar gaggafa a gefe wadda aka sa don doka ta ce dole a sa gaggafa a rabin dala. A gindin ƙararrawar akwai layuka a kwance. In bugu ya yi ƙarfi, kuma ba wata ƙarzuwa da ta yanke su, za ka bi su daga wannan gefe zuwa wancan. Nan ake rubuta FBL. Su NGC sun fi tsanani, jerin layukan sama da na ƙasa duka suke so, PCGS na ƙasa suke dubawa. A bugun Denver ba abin mamaki ba ne a samu, don su sun iya bugu. A bugun San Faransisko ne ake shan wuya, musamman 1953-S, wadda samun ta da cikakkun layuka sai an tona.

Ka ga yanzu ba 65 da 66 kake kwatantawa ba. Kana kwatanta 65 mai cikakken bugu, mai launin asali, wadda ido na biyu ya duba ya amince, da 66 mai raunin bugu wadda ba mu san tarihin farinta ba.

Maman Hanif: Haka Walking Liberty take. Zanen Adolph Weinman ne, daga 1916 zuwa 1947, kuma a ganina ba a taɓa yin rabin dala mai kyanta ba, shi ya sa suka dawo da hoton a kan dalar azurfa ta Eagle a 1986. Amma ba a rubuta mata komai a kwanso game da bugu, da idonka za ka duba. Ka kalli hannun hagu na matar inda ya sauko a tsakiyar jikinta, da layukan siket ɗinta, da gashin ƙirjin gaggafa a baya. A 1941-S da 'yan uwanta na San Faransisko, sau da yawa hannun a shafe yake, ba ka ganin babban yatsa. Maki ɗaya, farashin littafi ɗaya, amma mai yatsa ita ce ta masu sani.

Ni kam abin da nake tarawa daban ne, na tunawa da Booker T. Washington, 1946 zuwa 1951. Shi ne baƙar fata na farko da aka sa a kuɗin Amurka, kuma wanda ya zana, Isaac Hathaway, shi ma baƙar fata ne. Ba su da tsada, an buga su da yawa, amma fuskar ta kan zo da ƙarce-ƙarce a kumatu. Neman mai tsabtar kumatu shi ne wasan.

Ɗan Kurmi: To ni tambayata, kwanson roban nan ba a yin jabunsa? Don mu nan mun saba. Kwanaki wani ya zo da dalar Mariya Tareza yana rantsuwa ta shekara ɗari biyu da arba'in ce saboda an rubuta 1780. Da ƙyar aka fahimtar da shi cewa duk wadda aka buga bayan rasuwar matar 1780 ake rubuta mata, har waɗanda aka buga a zamanin kakanninmu.

Injiniya: Ana yi sosai. Kwandalar jabu a kwanson jabu, da lambar shaida ta gaskiya da aka kwafo daga wata. Shigar da lambar a shafin kamfanin bai isa ba, don za ta nuna maka daidai. Sai ka dubi hoton da kamfanin ya ɗauka, in akwai, ka kwatanta tabo da tabo. Wani ɗan ƙarce kusa da harafi kaza, wani ɗigo a bayan kunne. Nan ne kawai zan yarda rinanniya ta fi, don launinta ba ya kwafuwa, da ka gani ka gane ta. Sababbin kwansunan PCGS kuma suna da ɗan guntun na'ura a ciki da waya ke karantawa.

Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo min tsohuwar rabin dala ta Barber wadda a hotonsa take walƙiya, da ta iso sai ga layukan goga rututu a filin gaban fuska, ya ɓoye su da hasken fitila. Da na ce zan mayar, sai ya ce ai ba a mayar da abin da ke cikin kwanso. Kafin ka biya, ka tabbatar akwai damar mayarwa.

Malam Ustaz: Assalamu alaikum. Ban san komai a harkar maki ba, amma tunda azurfa ake magana, a tuna da zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da giram 595. In lissafin Ɗan Kurmi daidai ne, kowace kwandala tana da tsantsar azurfa giram 11.25, wato wajen guda 53 sun kai nisabi. Wanda kuma yake saye don ya sayar, hukuncin kayan kasuwanci ya shigo, ƙimar kasuwa ake dubawa. Kowa ya zauna da malaminsa a kan halin da yake ciki.

Alhaji na Bronx: Allah ya saka da alheri Malam. Sai dai a lura ba duka ne masu kashi 90 ba. Har 1964, shekarar da rabin dala mai hoton Kennedy ta fara fita, kashi 90 ne. Daga 1965 zuwa 1970 kashi 40. Daga 1971 waɗanda ake kashewa ba azurfa a cikinsu sam, tagulla ce da nikel.

Baban Khalifa: To a taƙaice in bi mai 65 ɗin?

Injiniya: Ni ban ce ba. Na ce dai ka san ranar sayarwa sai ka samu wanda launin ya burge kamar yadda ya burge ka. Farar tana da farashi a rubuce, kowane dila zai karɓa.

Alhaji na Bronx: Ni kuma na ce dila zai karɓi farar a ƙasa da farashin rubutun, don yana da irinta a durowa. Mai kyan ce yake tashi tsaye in ya gani. Amma Baban Khalifa, ba na so ka saya don Alhaji ya ce. Ka buɗe sakamakon gwanjon baya na 1958-D masu 65 FBL, ka kalli hotuna da yawa da abin da aka biya a kowace, har idonka ya fara rarrabewa da kansa. Sannan ka yanke iyakarka kafin ranar, ka haɗa da ladan gidan gwanjo, don wasu kaso mai tsoka suke ɗorawa a kan tayinka. In an wuce iyakar, ka bar musu. 1958-D ba rabin dalar 1796 ba ce. Waccan da ta 1797 gaba ɗaya guda 3,918 aka buga, ita ce in ta wuce ka sai ka yi shekaru kana jira. Wannan miliyoyi aka buga, wata za ta fito.

Kuma kada adadin da kamfanoni ke wallafawa na "guda kaza ne a wannan maki" ya ruɗe ka. Mutane suna fasa kwanso su sake turawa da fatan ƙarin maki, kwandala ɗaya a ƙirga ta sau uku.

Ɗan Kurmi: Alhaji in Allah ya sa ya saya ya kawo ta gida hutu, a ɓoye wa Hajiya Babba. Ranar da ta gani za ta ce yaron nan an cuce shi, ta fasa robar ta sa toka da lemon tsami.

Maman Hanif: 😂 Ba wasa ba ne, ko da tsumma mai laushi aka shafa an gama da ita, sai dai a rubuta mata "an wanke" ba maki. Batun ajiya kuma, kwanson ba ya hana iska shiga gaba ɗaya. Kada a ajiye kusa da robar ɗaure kuɗi, ko jarida, ko cikin durowar turaren wuta. Waɗanda ba su da kwanso kuma a guji lallausar leda mai PVC, tana barin wani koren maiƙo da ke cin fuska. A samu akwati mai rufi da ƙunshin nan masu shanye danshi, a riƙa canza su, musamman da damina.

Baban Khalifa: Na tura wa gidan gwanjon saƙo su turo bidiyon duka biyun. Da ya zo zan sa a nan.

Injiniya: Ka ce su haska gindin ƙararrawar mai 66 ɗin da kyau. Ina so in ga ko raunin bugu ne ya hana ta FBL ko ƙarzuwa ɗaya ce ta yanke layin, don ba ɗaya ba ne.